Murhun da Ke Zuba wa Kansa Itace

Can a tsakiyar Turai akwai wata ƙasa mai manyan duwatsu, ana kiranta Ostiriya, babban birninta Biyana. Kusan rabin ƙasar daji ne. Sanyinsu kuwa ya wuce hunturun da muka sani nesa ba kusa ba, gama a watan Janairu ruwa ya kan daskare a waje ya zama ƙanƙara. Tun daga Oktoba har wajen Afrilu tilas a ɗumama ɗaki, in ba haka ba jarirai da tsofaffi su ne za su fara shan wuya, wani lokaci ma har a rasa rai. Saboda haka maigida a can yana tanadin abin hura wuta kamar yadda manominmu ke tanadin hatsi.

Ɗaya daga cikin abubuwan da su ke hura wuta da shi, shi ne ƙwayar itace. Kun san garin katakon nan da ke zuba in kafinta na yanka katako da zarto? To, a inda a ke da manyan injunan yankan katako, garin nan ya kan taru tsibi tsibi. Sai a busar da shi sarai, a tura shi da ƙarfi ta cikin wani ƙarfe mai huji da yawa, kamar yadda injin taliya ke fitar da taliya. Matsin nan ya kan sa garin ya yi zafi, wani danƙo da Allah ya halitta a jikin itace ya narke, ya haɗa shi. Da ya huce sai ya yi tauri, ya yi sheƙi. Kaurin ƙwayar milimita 6 ne ko 8, watau kusan kaurin fensirinku, tsawonta kuwa bai kai na ɗan yatsa ba. Mutanen Amurka da Turai sun mai da hankali ga wannan sana'a bayan tsadar man fetur ta shekarar 1973. A cikin shekarun 1980 wani injiniya a Amurka, Jerry Whitfield, ya ƙera murhun ɗaki mai cin wannan ƙwaya.

Ga yadda murhun ke aiki. Akwati ne na ƙarfe, tsayinsa kamar na yaro ɗan aji ɗaya, da ƙofar gilashi a gaba. A bayansa akwai mazubi inda a ke juye ƙwayar. A gindin mazubin akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe, irin wanda ke tura hatsi a cikin injin markaɗe. Ƙarfen nan yana juyawa sannu sannu, yana ɗebo ƙwaya kaɗan kaɗan, yana zubawa cikin wani ɗan kasko mai huji. Wata sanda mai zafi da lantarki ita ke kunna wutar, fanka kuma tana zuga ta kamar zugazugin maƙeri, tana korar hayaƙi waje ta bututu. In ɗaki ya yi ɗumi daidai yadda a ke so, sai ƙarfen ya rage juyi da kansa. Akwai kuma babba wanda a ke kafawa a ɗakin ƙarƙashin gida. Shi ruwa ya ke dafawa, ruwan zafin ya bi bututu ya zaga dukan ɗakuna ya komo.

Wanda ya ji wannan sai ya ce ai maigida ya huta. Bai huta ba, aikinsa ne ya sake kama.

Tun kafin ya sayi murhu sai ya auna ɗakinsa. In murhu ya yi wa ɗaki kaɗan, za a kwana da sanyi. In ya yi masa yawa kuwa, sai ya riƙa kunnuwa yana mutuwa, ya ɓata ƙwaya, ya cika da baƙi. Sa'an nan ya nemi inda bututun hayaƙi zai fita, da inda iska za ta shigo, domin wuta ba ta ci sai da iska. Dole kuma ya tuna murhun nan bawan lantarki ne. In aka ɗauke wuta, fanka da murɗaɗɗen ƙarfe duk su tsaya, ko da mazubi na cike. Don haka waɗansu su kan aje batir, ko su bar tsohon murhunsu na faskare.

Sai lissafin ƙwaya. Ana sayar da ita a buhu mai kilo 15. A ce murhu na cin buhu guda kowace rana, sanyi kuma ya yi kwana 150. Buhu 150 ke nan, watau kilo 2,250, fiye da tan biyu. Mai babban murhun da ke ɗumama gida duka ya kan ci ninkin wannan. Shi ba ya sayen buhu. Motar tanki ke zuwa ƙofar gida, ta hura masa ƙwayar ta cikin tiyo har rumbunsa. Mai wayo ya kan cika rumbu tun da bazara, lokacin da kasuwar ke sanyi. A shekarar 2022, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren, mutane suka ruga neman abin hura wuta, kuɗin ƙwaya ya ninka har ya wuce. Waɗanda ba su yi tanadi ba sun ji jiki.

Babbar abokiyar gabar ƙwayar itace laima ce. Ɗanyen itace kusan rabinsa ruwa ne, amma ruwan da ke cikin ƙwaya mai kyau bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Shi ya sa ta ke ci ƙwarai, har kilo biyu nata su ba da zafi kusan daidai da lita guda ta man ɗumama gida. Ku jefa ƙwaya guda cikin kofin ruwa ku gani. Kafin a jima za ta kumbura, ta wargaje, ta koma garin da ta fito. In haka ta auku cikin murhu sai ta toshe murɗaɗɗen ƙarfen nan, wuta ta mutu a tsakar dare. Don haka a kan ɗora buhuna bisa katako, nesa da bango mai danshi.

Tokarta kaɗan ce, buhu guda ba ya barin fiye da cikin tafi ɗaya ko biyu. Duk da haka ba a sakaci da ita. Kullum ko bayan kwana biyu, sai a kashe murhu, a bari ya huce sarai, a kankare ɗan kaskon, a buɗe hujin da toka ta toshe. Wutar da kanta tana faɗar halin da ta ke ciki. In harshenta na haske yana rawa da kuzari, lafiya lau. In ya yi ja ya yi nauyi, gilashi ya soma baƙi, to, iska ce ba ta isa. Tokar a zuba ta cikin bokitin ƙarfe mai murfi, don garwashi kan ɓuya cikinta.

Abin da ya fi duka hatsari ba a ganinsa. Wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba tana fitar da wata iska mai guba, ba launi, ba wari. Ita ce ke kashe wanda ya shiga ɗaki da kaskon garwashi da hunturu, ya rufe ƙofa da taga, ya yi barci. Abin mamaki, ƙwayar itace tana fitar da gubar nan ko ba a kunna ta ba, in an tara ta da yawa a rufaffen wuri. An sami mutane a Turai da suka shiga rumbunta ba su fito da rai ba. Saboda haka a kan yi wa rumbun mafitar iska, a buɗe shi ya sha iska kafin a shiga, wani kuma ya tsaya a ƙofa. Yara kuwa ba su shiga ko kusa. A cikin gida a kan rataye wata 'yar na'ura wadda ke yin kuwwa in ta ji gubar.

A Ostiriya doka ta tilasta wa maigida ya bar mai sharar bututun hayaƙi ya duba masa bututu, ya share kunkunniya. Mai wannan sana'a baƙaƙen tufafi ya ke sawa, mutanen can kuwa su kan ce gamuwa da shi alamar sa'a ce. In sanyi ya wuce kuma, a kan kira makaniki ya buɗe murhun, ya share fanka da hanyoyin hayaƙi, ya duba igiyar da ke toshe gefen ƙofa. Maigida ya kwashe sauran ƙwayar da ke cikin mazubi don kada danshin bazara ya kumbura ta, sa'an nan ya aika a kawo masa ta baɗi.