Gani Odutokun, mai zane da fenti mai gudu

Ran Lahadi, a kasuwar Tawa, ana kasa faya-fayai da tabarmi da jakunkunan fata na Abzinawa. Kowane da adonsa: ja, baƙi, tsanwa, layi bisa layi. Babu raƙumi a ciki, babu mutum, babu icce. Duk da haka ba wanda ke tambayar mai saƙa: «Hoton mine ne wannan?» Ido ya gani, rai ya so, sai a yi ciniki.

Akwai masu zane da fenti da ke aiki haka nan. Ba su kwaikwayon siffar abu. Launi da layi su ne maganarsu. Ɗaya daga cikinsu shi ne Gani Odutokun.

An haife shi a 1946 a Nsawam, ƙasar Gana. Ubansa Bayarabe ne. Ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya gama a 1975. Nan ya zauna yana koyarwa.

Masu zane sun saba shafa fenti mai kauri da buroshi, sannu sannu. Shi kuwa Gani sai ya tsinka fentinsa, kamar yadda ake tsinka fura, ya kwarara shi bisa ƙyalle. Fenti ya gudu. Ja ya shiga shuɗi, rawaya ta ratsa baƙi, kamar ruwan damana da ya sauko daga duwatsun Adar yana neman hanya cikin ƙorama.

Wani zai ce: «Ai ko yaro ya ɓarar da fenti zai yi haka!» Ba haka ba ne. Fenti yana gudu inda ya so, gaskiya ne. Amma mai zane ne ke zaɓen launi. Shi ke sanin yawan da zai zuba, da gefen da zai karkata ƙyallen, da lokacin da zai tsaya. In ya daɗe, launuka su cakuɗe su koma kamar taɓo, aikin ya ɓaci. In ya yi gaggawa, ƙyallen ya zauna ba rai. Rabin aikin tsautsayi ne, rabi niyya, kuma haɗa su biyun shi ne wuyar.

Gani ya iya zanen mutane sarai. A zamanin mulkin soja ya zana sarki da manyan sojojinsa, don ya yi musu zambo.

Ya rasu a watan Fabrairu na 1995, cikin haɗarin mota, bisa hanyar komowa daga Ikko. A wannan shekara aka nuna aikinsa a gidan nunin zane na Whitechapel, a birnin Landan, tare da na waɗansu masu zane na Afirka. A can, mai kallo yakan tsaya nesa ya ga launukan gaba ɗaya, sa'an nan ya matso kusa ya bi sawun da fenti ya bari.