Naman daji a yankin Ƙanƙara

Naman daji, ko naman dawa, shi ne naman dabba ko tsuntsun da ba na kiwo ba, wanda aka samu ta hanyar harbi, tarko ko farauta da karnuka. A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku na kudancin jihar Katsina da suka haɗu a mazaɓa ɗaya ta Majalisar Wakilai, namun da maharba suka fi yabawa su ne gada, barewa, beguwa, zabon daji da zomo, sai kuma gyazbi da damo ga masu cin su. Abubuwa uku ke tantance matsayin kowane nama a wajen maharbi: laushinsa da kitsensa, hukuncinsa a addini, da kuma ko dabbar tana nan a dajin har yanzu. Na ukun ne ya fi canza jerin a 'yan shekarun nan.

Suna da ma'ana

Kalmar "nama" a Hausa tana ɗauke da ma'ana biyu: tsokar da ake ci, da dabbar dawa ita kanta. Shi ya sa jam'inta, "namun daji", ke nufin dabbobi masu rai, kamar a "gidan namun daji". Ana samun irin wannan dangantaka a Swahili, inda "nyama" ke nufin nama, "mnyama" kuma dabba.

Akwai kuma bambanci tsakanin maharbi da mafarauci. Maharbi mai sana'a ne, galibi ya gaje ta, yana shiga daji shi kaɗai ko da abokin tafiya, da baka da kwari ko bindigar gargajiya, kuma yana ƙarƙashin Sarkin Baka ko Sarkin Dawa. Mafarauci yana fita ne cikin gayya bayan an gama kaka, da karnuka, gora, ƙere da kiɗa. Maharbi ne ke iya samun manyan dabbobi. Abin da farautar gayya ta fi tayarwa shi ne zomo, zabi, fakara da gada jefi-jefi. Don haka in aka tambayi su biyun wane nama ya fi daɗi, ba lalle amsarsu ta zo ɗaya ba.

Ƙamusun Bargery na 1934 ya tattara sunayen dangin barewa da yawa waɗanda matasan birni ba su cika sani ba yau: gwanki, kanki, mazo, maraya, gwambaza, batsiya da kwanta-rafi. A bakin mutanen gari, "barewa" ta kusa haɗiye su duka, har akan kira gada da mazo barewa. Maharbi ba ya wannan kuskure.

Yankin da dazuzzukansa

Ƙanƙara da Faskari sun yi iyaka da jihar Zamfara ta yamma, Sabuwa da Faskari kuma suna dab da ƙasar Birnin Gwari ta jihar Kaduna. Yankin ya fi arewacin Katsina samun ruwan sama, ƙasa ce ta masara, dawa da auduga, mai fadamu da duwatsu. Dajin Rugu yana gangarowa daga wajen Batsari da Safana zuwa ƙasar Ƙanƙara, dajin Kogo yana cikin Faskari, sannan ta kudu da yamma akwai Kamuku da Kuyambana. Daga waɗannan dazuzzuka ne da gonakin da ke bakinsu naman dajin yankin ke fitowa.

Gada da barewa

Gada, wadda masana kimiyya ke kira Sylvicapra grimmia, ita ce ma'aunin da akan gwada sauran namun da shi. Ƙarama ce, nauyinta tsakanin kilo 12 da 25, don haka mutum ɗaya zai iya saɓo ta zuwa gida. Namanta ja ne mai duhu, zarensa siriri, ba ya da ƙarni mai ƙarfi, kuma yana nuna da wuri in aka kwatanta da na manyan dangi. Tana da wata jaka mai baƙin maiƙo a ƙarƙashin kowane ido, wadda take shafa wa itatuwa don shata iyakarta. Mai fiɗa yakan kiyaye kada maiƙon ya taɓa tsoka. Gada tana jure zama kusa da mutane, tana cin ganye, 'ya'yan itace da amfanin gona, shi ya sa ta saura a wuraren da sauran danginta suka ƙare.

Barewa ta fi gada suna, a waƙa da karin magana, kamar "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe". Ainihin barewa, mai jan goshi da baƙin layi a kwiɓi, dabbar fili ce ta yankin Sahel, kuma ƙungiyar IUCN ta sa ta cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Namanta mai laushi ne, ba kitse, ya dace da gashi da kilishi. Yabon da ake mata yau ya fi dogara ga abin da dattawa suka sani, domin samunta a kudancin Katsina ya yi wuya ƙwarai.

Manyan dangin kuwa darajarsu a yawan nama take. Gwanki yakan haura kilo 200, abin da zai wadaci unguwa guda, amma tsokar tsohon namiji tana da tauri. Ana yaba mazo. Gwambaza ce aka fi kushewa, saboda gashinta na fitar da maiƙo mai wari wanda ke ɓata nama idan ba a iya fiɗa ba.

Duk waɗannan namun ba su da kitse sosai, kuma launinsu ya fi na akuya duhu, saboda tsokar dabbar da ke yawan gudu tana tara sinadarin da ke riƙe iskar numfashi a cikinta. Wannan ne ya sa gashin da ya wuce kima ke mayar da su kamar busasshen itace, kuma ya sa mata suka fi son dafa su a farfesu ko miya, a wuta mai sanyi, wani lokaci da 'yar kanwa.

Beguwa, gyazbi da gafiya

Inda ra'ayin maharbi ya fi rabuwa da na mutumin gari shi ne kan dangin ɓera. Wanda bai saba ba yakan ƙyamace su, maharba da yawa kuwa suna sa beguwa a sahun gaba, wasu ma sama da gada. Dalili shi ne kitse. Beguwa takan kai kilo 20, tana cin saiwoyi, rogo, dankali da kabewa, tana da nama mai laushi da fata mai kauri wadda ake babbakewa bayan an cire ƙayoyin, a dafa ta tare da tsokar. A dajin da kusan kowace dabba ramammiya ce, wannan maiƙo abin nema ne. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, a sassan Afirka da yawa ana lissafa beguwa cikin namun dajin da suka fi daɗi. Samunta ne aiki, don dabbar dare ce mai kwana a kogon dutse ko rami mai zurfi, kuma karen da bai san ta ba yakan dawo da ƙaya a fuska.

Gyazbi yana zaune a fadamu da bakin rafi, yana yi wa rake, shinkafa da masara ɓarna, don haka manomi na murna in an kama shi. Nauyinsa yakan kai kilo 3 zuwa 6. A kudancin Najeriya, Ghana da Benin yana cikin namun dajin da suka fi kasuwa, har ana kiwonsa a keji. Gafiya, wadda ake kiran ƙaton namijinta burgu, ba ta wuce kilo ɗaya da rabi. Akan haƙa raminta ko a tura mata hayaƙi, kuma an fi ɗaukarta naman yara da samari. Danginta ne ƙungiyar APOPO ke horarwa a Tanzaniya don shinshino nakiyoyin da aka binne da cutar tarin fuka.

Bushiya ƙarama ce, ba ta cika tukunya, an fi nemanta don magani.

Zomo da tsuntsaye

Zomo ne naman da aka fi samu a farautar gayya, kuma karin maganar "kowa ya ci zomo ya ci gudu" ta faɗi yadda ake samunsa. Zomon daji da zomon gida ba jinsi ɗaya ba ne. Na daji yana da dogayen ƙafafu, ba ya haƙa rami, namansa ja ne mai ƙamshin dawa. Na gida asalinsa daga Turai ne, namansa fari. Zomo ɗaya, mai kilo biyu ko kusa da haka, ya isa miyar gida guda.

A cikin tsuntsaye, zabon daji ne kan gaba. Jinsinsa ɗaya da zabon gida, amma ya fi shi ƙarfin ɗanɗano da tauri, musamman a cinya. Da rani zabi kan yi garke suna zuwa ruwa da safe da yamma, a nan ake yi musu kwanto. Fakara, wadda wasu ke kira makwarwa, ta fi zabo laushi, kuma akwai masu fifita ta a farfesun mara lafiya. Hasbiya da kurciya na masu danƙo da tarko ne. Don kusantar dabba ko tsuntsu mai wayo, maharban Hausa sun shahara da dabarar kan burtu: maharbi ya ɗaura wani kai mai siffar na burtu a goshinsa, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa shi kamar tsuntsun na kiwo, har ya iso inda kibiya za ta kai.

Lokaci da rabo

Dabba ta fi ƙiba da kaka, bayan ta ƙoshi da ciyawar damina da amfanin gona. Zuwa bazara ta rame. Damo misali ne mai kyau: yana ci ya tara kitse da damina, sannan ya shige rami ko kogon itace ya yi watanni bai ci komai ba, abin da ya dace da kirarinsa na sarkin haƙuri.

Hanta, ƙoda da zuciya ba su cika isowa gida ba. Su ne ke saurin lalacewa, don haka akan gasa su a daji, kuma maharba da yawa na ɗaukarsu ladan wahala. Idan da kibiya mai dafi aka yi harbin, dafin da akan haɗa da 'ya'yan kwankwani, ana yanke naman da ke kewaye da raunin a yar. Abin da ba za a ci nan take ba akan yi bandarsa a kan hayaƙi. A farautar gayya, nama na wanda ya fara bugu ne ko wanda karensa ya fara kamawa, kuma gardama a kan wannan ce tushen faɗan da aka san 'yan farauta da shi.

Hukuncin addini

Mafi yawan mutanen yankin Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta abin da dabbar farauta mai horo ta kamo, bisa sharaɗin ambaton sunan Allah. Idan an tarar da dabbar da rai, sai an yanka. Mukhtasar na Khalil, wanda ake karantawa a zaurukan malamai, ya lissafa zomo, bushiya da beguwa cikin halal, ya sa masu farauta da haƙori irin su zaki, kura da kyanwar daji cikin makaruhi, ya kawo ra'ayi biyu game da biri. Alade haramun ne, kuma hukuncin ya haɗa da gadu, wanda Hausawa ke sakaya sunansa da "mugun dawa". A wajen Maguzawa, waɗanda ke da tsohon zama a kudancin Katsina, hanin ya fi bin zuri'a: kowane gida da dabbar da ba ya ci.

Batun damo ya ƙunshi matsalar fassara. Hadisi ya zo cewa an ci "dabbu" a gaban Annabi (SAW), bai ci ba kuma bai hana ba, malaman Hausa kuma sukan fassara kalmar da damo. A ilimin dabbobi, dabbun Larabawa wani ƙadangaren hamada ne mai ƙayoyi a wutsiya, mai cin ganye, damo kuwa ɗan'uwan guza ne, yana cin ƙwari da dodon koɗi. Masu cin damo da yawa ba sa cin guza.

Lafiya da doka

Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, yana yaɗuwa ta fitsari da kashin wani nau'in ɓera, kuma kama ɓeraye da fiɗarsu na cikin hanyoyin kamuwa. Lokacin da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, kasuwar naman daji ta faɗi a faɗin ƙasar, har sai bayan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da ƙarewar cutar a Najeriya ranar 20 ga Oktoba na shekarar. Haɗarin ya fi yawa wajen fiɗa da taɓa jini, da cin mushe ko naman da bai dahu ba.

Dokar namun daji ta Jihar Arewa ta 1963 ta kasa dabbobi aji-aji, ta hana kashe wasu, ta sa wa wasu sharaɗin lasisi. Dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, ta ƙara tsaurara cinikinsu. A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da dazuzzuka 10 gandun daji na ƙasa, Kogo na ciki.

Halin da ake ciki

Faɗaɗa gonaki, sarar itace, ƙona daji da yawaitar bindiga sun rage manyan dabbobi tun kafin matsalar tsaro. Daga baya dazuzzukan suka zama maɓoyar 'yan bindiga. Ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. Maharba da dama sun koma aikin sa-kai na tsaron garuruwa, saboda sanin da suka yi wa hanyoyin dajin.

Farautar da ta rage ana yin ta ne a gonaki, fadamu da duwatsun da ke kusa da gari. Abin da ake samu a nan shi ne zomo, fakara, kurege, gafiya, gyazbi da damo, sai gada in an yi sa'a. Saurayin da ya fara farauta a wannan zamani zai iya sanin gwanki da kanki a suna kawai, ko a ƙahon da ke rataye a zauren kakansa.