Muryar da Ke Shiga Tirelar Kawu a Samaru

Duk lokacin da tirelar Kawu ta taso daga Funtuwa da lodin masara, karatun da yake saurare yakan tafi lafiya lau har ta wuce Giwa, ta wuce Shika. Da ta doshi Samaru sai muryar alaramma ta fara rawa, can ta ɗauke ɗif, wata murya dabam ta cika motar, yau da Hausa, gobe da Turanci. Sai an bar Palladan a baya, an kusa Kwangila, sannan karatun ya dawo. Yaron motarsa ya ce shi kam ba ya raba ɗaya biyu, akwai iska a wannan hanya. Kawu bai yarda ba, amma bai da abin da zai ce masa.

Ba wannan kaɗai ke damunsa ba. Akwai wani siririn kuka mai kama da fito da ke bin bayan sautin ko'ina aka je. Ga kuma batir da ke mutuwa tun bai tsufa ba, abin da Kawu bai ma lissafa cikin matsalar rediyo ba, don a ganinsa wannan sharrin masu sayar da jabu ne. Wanda bai taɓa kwana a kan hanya ba zai ce duk wannan ƙaramin abu ne. Ni ban ɗauke shi haka ba. Direban da ke jan tan talatin cikin dare, sautin da ke kunnensa yana cikin abin da ke tsare shi daga gyangyaɗi, kuma gyangyaɗin direban tirela rayukan mutane yake ci.

Tsarin nasa mai sauƙi ne. Motar tsohuwar 'yar Beljiyam ce, rediyon cikinta ba shi da ramin sa waya, ba shi da Bluetooth. Karatun da waƙoƙin Shata suna cikin memorin da aka tura masa a kasuwar Sabon Gari, memorin kuma yana cikin wayarsa. Tsakanin waya da rediyo akwai modileta, 'yar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari. Igiya ɗaya ta haɗa ta da waya, wata igiyar kuma tana cajin wayar daga wani ramin.

Wani dattijon mai riwaya muka kai wa motar, can bayan layin dogo a Sabon Gari. Bai taɓa sukudireba ba sai da ya gama tambayoyinsa.

"Alhaji, in karatun ya dawo a Kwangila, daga inda ya tsaya yake ci gaba?"

Kawu ya yi shiru, sannan ya ce, "A'a, Malam. Sai in tarar ya yi nisa, wani lokaci ma an shiga wata sura."

"To wayarka ba ta da laifi, memorin ma haka. Ba su taɓa tsayawa ba. Kai ne ka daina jin su."

Daga nan ya kunna rediyon ya zare modiletar, ya bar lambar yadda take. Muryar baƙon nan ce ta fito, a raunane, cikin shuuu. Muka kasa kunne har mai gabatarwa ya faɗi sunan tashar: gidan rediyon FM na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ke nan cikin Samaru. Ashe yaron da ya sayar wa Kawu modileta a wani gari ya saita ta ne a kan lambar da babu kowa a can, alhali a Zariya lambar tana da mai ita.

Modileta ƙaramin gidan rediyo ne da ƙarfinsa bai wuce 'yan taku ba. Tana karɓar sauti daga waya ta watsa shi a zangon FM, wanda ke tsakanin 87.5 da 108, rediyon mota ya kamo shi kamar kowace tasha. Shi kuwa FM, wanda Edwin Armstrong ya yi wa rajista a Amurka a 1933, yana da wata ɗabi'a: in tashoshi biyu suka haɗu a lamba ɗaya, rediyo ba ya cakuɗa su yadda ake ji a gajeren zango, mai ƙarfin yake kamawa ya yar da ɗayar gaba ɗaya. Ga shi eriyar tirela tana waje a saman kai, modileta tana ciki, ƙarfen jikin mota ya shiga tsakaninsu. A Giwa modileta ce mai rinjaye. A ƙofar jami'a kuwa ina ita ina tashar da ke da doguwar eriya da lasisin hukuma? Tashar tana kan lambarta, Kawu ne ya shiga gonar wani. Dattijon ya murɗa rediyo a hankali har ya sami wurin da babu komai sai shuuu, ya mayar da modileta can. Ya kuma gargaɗe shi cewa lambar da ke fili a Zariya tana iya zama ta wani a Kano ko Kaduna, don haka ya koyi sauyawa da kansa.

Saura fiton. Ya sa yaron mota ya tayar da inji. Fiton ya fito. Ya ce a taka totur, fiton ya ƙara tsini; a saki, ya sauko. Aka kashe inji, ya ɓace, karatu na tafiya garau.

"Abin da ke hawa da sauka tare da inji, daga inji yake," in ji shi. "Altaneta ce."

Altaneta wutar da ke kai da komo take haifarwa, sai wasu ƙananan diyod su miƙar da ita kafin ta shiga batir. Miƙarwar ba ta cika sumul ba, akwai ɗan kaɗawa da ke saura, kuma yawansa yana bin gudun inji. Kowace mota tana da wannan. Abin nema shi ne ƙofar da ya bi ya shiga lasifika. Kawu har ya fara lissafin kuɗin sabuwar altaneta, dattijon ya miƙa hannu ya zare igiyar caji daga wayar. Fiton ya mutu nan take, inji na ci gaba da ruri. Ya mayar, ya dawo.

Wayar tana haɗe da jikin mota ta hanya biyu, ta caja da ta igiyar sauti, kuma as ɗin ramukan biyu, wato wayar wutar da ake ɗaurewa a ƙarfen mota, ba wuri ɗaya aka ɗaure shi ba. Ɗan bambancin da ke tsakaninsu ya sa wata 'yar wuta tana zagayawa ta cikin igiyar sautin, ɗauke da kaɗawar altaneta, modileta kuma ta watsa ta tare da karatun. Akwai 'yar na'ura mai ƙaramar taransifoma da ake sawa a tsakiyar igiya ta yanke wannan zagaye. Dattijon bai sa an saya ba. Ya cire memorin daga waya ya zura shi a jikin modiletar, don tana da ramin kansa. Babu igiyar sauti, babu hanya ta biyu.

Da nan aka tsaya da Kawu ya tafi da murna. Amma wani abu ya tsaya wa dattijon a rai: rediyon na ƙaramar mota ne, mai cin wuta 12, tirela kuwa 24 take bayarwa, daga batir biyu da aka jera ɗaya bayan ɗaya.

"Alhaji, wa ya ba wannan rediyo wuta 12?"

Kawu ya tuna. Modiletarsa ta farko ƙonewa ta yi daga cusawa, har da hayaƙi. Wani yaro a bakin hanya ya ce zai gyara masa a araha, ya ja wayar wuta, tun daga ranar komai ke aiki, har ya ƙara masa amfilifaya da fanka.

Dattijon ya bi wayar da hannu, ta ƙarƙashin kujera, ta bayan kai, har akwatin batir. Ga ta nan a ɗaure a tsakiyar batiran biyu, tana zuƙar ɗaya kaɗai. Ya ɗora mita. Na ƙasa ya yi rauni, na sama kuwa ruwansa ya ja baya, bakinsa duk farin gari.

"Wanne ne ke mutu maka kullum?"

Kawu ya nuna na ƙasan.

Altaneta ba ta san batir biyu ne ba. Wuta ɗaya take turawa ta ratsa su duka, daidai wa daida. Kamar shanun huɗa biyu ne da ake ba harawa ɗaya, amma ɗaya in dare ya yi a ɗaura masa amalanke. Na ƙasa yana ciyar da rediyo da amfilifaya da fanka har a wurin kwana, ba ya taɓa cika, gishiri yana kama farantansa. Na sama kuma ya cika tuntuni ana ta ɗura masa, ruwansa yana ƙonewa. Wannan irin haɗi ya yi yawa a motocinmu, kuma yana ba ni takaici, don mai yin sa yakan karɓi kuɗin shayi ne kawai, mai mota ya yi ta biyan kuɗin batir yana zagin ɗan kasuwar da bai ci ba bai sha ba.

Maganin kwanbata ce, akwatin da ke karɓar 24 daga batiran biyu tare ya sauke ta zuwa 12. Dattijon ya aika aka sayo wadda za ta ɗauki nauyin kayan duka, ya sa mata fis kusa da batir, ya tattara as ɗin rediyo da na ramukan biyu ya ɗaure su wuri ɗaya a ƙarfen da ya kankare wa fenti. Kawu ya so ya sauya batir na ƙasa kaɗai. Dattijon ya ƙi, ya ce na saman ma ya riga ya dahu, in aka jera sabo da shi za su sake rabuwa a caji, sabon ya bi sahun na baya. Sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan, har aka kira la'asar. Bayan salla Kawu ya kira mai motar da yake yi wa tuƙi a waya, ya miƙa wa dattijon ya yi masa bayani da bakinsa, aka turo kuɗin batir biyu.