Tallafin lafiya daga ƙetare: kayan aro ba ya rufe katara

Duk ɗan kasuwar da ya saba zirga-zirga tsakanin Maraɗi da Jibiya, ko Ƙwanni da Illela, ya san sange da maganin masassarar cizon sauro da ake rabawa kyauta a gidajen likita. Da yawansu da kuɗin hukumomin agaji na gwamnatocin ƙetare ake sayo su, kuma a ƴan shekarun nan waɗannan hukumomi sun sauya salo.

A farkon shekarun 2000 kuɗi sun kwararo. An kafa asusun duniya na yaƙi da sida da tarin fuka da masassarar cizon sauro a 2002. Amurka ta buɗe nata shirin yaƙi da masassarar a 2005, Nijar ta shiga cikinsa a 2017.

Daga baya sai iska ta juya. A 2020 Ingila ta haɗe hukumarta ta DFID da ma'aikatar harkokin waje, a 2021 ta rage agaji daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin ɗari na abin da ƙasar ke samu a shekara. A watan Janairun 2025 shugaba Donald Trump ya dakatar da agajin Amurka, a watan Yuli kuma aka rufe USAID, sauran ayyukanta suka koma hannun ma'aikatar harkokin waje. Tsarin da Amurka ta fitar a watan Satumban 2025 shi ne yarjejeniya gwamnati da gwamnati: in za a ba ka, sai ka zuba naka kason.

Wannan ya tuna mana alkawarin da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001, na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi. Ƙalilan ne suka cika shi.

To mu ina ruwanmu? Sauro ba ya tsayawa a shingen duwan. In magani ya yanke a gidan likita, kasuwa jama'a za su nufa, a nan kuma ƴan jabu ke samun ƙofa. Saboda haka kada mu sayi sangen da aka raba kyauta, kada mu sayar. Kada mu ɗauko maganin da ba mu san asalinsa ba. Mu kuma tambayi mahukuntanmu nawa ne ke isa gidan likitan garinmu daga harajin da muke biya a kasuwa da bakin iyaka.