Abubakar Imam: Editan da ya kai kukan talaka shafin jarida

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2025 hukumomin Yamai suka fitar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa na Jamhuriyar Nijar, ya kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Mutane da yawa sun yi murna da wannan mataki. To amma duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Maraɗi da Cadawa da Agye har zuwa Gazawa, zai yi wuya ya ci karo da jarida guda ta Hausa mai fitowa a kai a kai, wadda manomin aya ko na wake zai saya ya karanta labarin garinsu. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu waiwayi rayuwar mutumin da ya fara nuna abin da jaridar Hausa za ta iya yi, da kuma iyakar da take tsayawa, wato marigayi Alhaji Dokta Abubakar Imam.

Daga Kagara zuwa Katsina

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu ke cikin Jihar Neja a Nijeriya, a gidan malamai. A Katsina ya yi karatun boko, ya shiga shahararriyar Kwalejin Katsina a 1927, bayan ya gama a 1932 kuma ya soma koyarwa a makarantar Midil ta garin. Ga mutanen Maraɗi Katsina ba baƙon wuri ba ne. Katsinawan da suka bar Birnin Katsina bayan jihadi su ne suka kafa sarautar Maraɗi, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tsibiri da ke cikin gundumar Gidan Rumji a yau. Iyakar da Turawa suka shata ce ta raba makomar karatun ɓangarorin biyu. A kudu Ingilishi suka yarda a koyar da Hausa da baƙaƙen boko a makarantun elementare, a arewa kuwa Faransawa suka tsaya a kan cewa ba abin da za a ji a lakwal sai Faransanci.

A 1933 wani Bature mai suna Rupert East, wanda ke kula da Hukumar Talifi a Zariya, ya shirya gasar rubuta littattafan hira. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Wansa Malam Bello Kagara ya aika da Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma da Shaihu Umar. East ya ga hannun Imam, sai ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936, inda ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Yawancin mutane a nan saninsu da Imam ya tsaya, alhali aikin da ya fi taɓa rayuwar jama'ar zamaninsa yana gaba.

Jaridar kwabo guda

A watan Janairu na 1939 aka buga fitowar farko ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Imam ne editanta na Hausa. Kuɗinta kwabo ɗaya ne, daga nan sunan ya samo asali. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma da manufarta. A lokacin ana gab da Yaƙin Duniya na Biyu, jita-jita ta cika kasuwanni cewa Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus, saboda haka Turawa na bukatar wata kafa da za su riƙa isar da nasu bayanin.

Abin da Imam ya yi da wannan dama shi ne abin lura. Da farko ya ƙi rubuta Hausar da ake fassarowa kalma bayan kalma daga takardun ofis, ya rubuta irin wadda ake magana da ita a zaure, da karin magana da ban dariya. Wannan ya sa idan mutum ɗaya ya sayi jaridar, sai ya karanta wa jama'a da babbar murya, wanda bai taɓa shiga aji ba ma ya fahimta. Na biyu ya buɗe filin wasiƙun masu karatu. Malamin makaranta a ƙauye, ko malamin asibiti, ko ɗan kasuwa, ya samu wurin da zai koka kan haraji da cin hanci da halin wasu hakimai da ma'aikatan En'e. A ƙasar da talaka ba ya ɗaga kai gaban dagaci, ganin kukan mutum an buga shi a takarda, ana karantawa daga Sakkwato har Yola, ba ƙaramin sauyi ba ne.

Shekara 12 Imam ya yi a kan wannan kujera. A tsakanin nan ne, a 1945, aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, wanda ya zama cibiyar buga littattafai da jaridu a harsunan Arewa.

Takardar da ya ƙi sa wa hannu

A 1943 gwamnatin Ingila ta gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashinta. Cikinsu akwai Imam da Nnamdi Azikiwe, mai jaridar West African Pilot da ya kafa a Ikko a 1937. Azikiwe ya tsara wata takarda da ke neman a ba waɗannan ƙasashe mulkin kai cikin shekara 15, ya nemi abokan tafiyarsa su sa hannu. Imam ya ƙi. Ra'ayinsa shi ne Arewa ba ta da isassun masu ilmin zamani, idan Bature ya tafi a wannan hali, to wani ne zai gaji kujerarsa ba ɗan Arewa ba. Jaridun Kudu sun yi masa ca a kan haka.

Sai dai kuma a wannan tafiya ce ya gana da Lugga, wanda ya shimfiɗa tsarin mulki ta hannun sarakuna, a lokacin ya tsufa ya yi ritaya. Imam ya zayyana masa illolin tsarin, daga baya kuma ya rubuta masa su a wasiƙu: yadda ake danne talaka, da yadda ake mayar da matasa masu ilmi saniyar ware. Labarin tafiyar shi ne littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. A nan za mu ga halin mutumin ƙarara. Mai neman gyara ne daga cikin gida, ba mai neman a rushe gidan ba. Wasu sun kira wannan hangen nesa, wasu sun kira shi tsoro, har yau kuma masana ba su daina muhawara a kai ba.

Daga teburin edita zuwa majalisa

Wanda ya yi shekaru yana karanta kukan jama'a da wuya ya tsaya a rubutu kawai. Imam na cikin waɗanda suka haɗu da Dokta R.A.B. Dikko suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949 a matsayin ƙungiyar al'adu, kafin ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951. A wannan shekara aka zaɓe shi ɗan Majalisar Jihar Arewa, daga nan kuma ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko.

A ɗaya ɓangaren, matasan da suka gaji da lallashi sun riga sun kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. A idon mabiya Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur, Gaskiya jaridar gwamnati ce da sarakuna, don haka suka fi karkata ga jaridun Azikiwe irin su Comet da ake bugawa a Kano. Wannan zargi ba a banza aka yi shi ba. Komai ƙwarewar Imam, injin da takarda da albashi duk na hukuma ne, Bature kuma na duba abin da za a buga. Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara.

Idan muka leƙa Amurka za mu ga bambancin. Horace Greeley ya kafa jaridarsa New-York Tribune a 1841, ya yi amfani da ita wajen yaƙi da bauta, ya taimaka aka kafa jam'iyyar Republican, a 1872 kuma ya tsaya takarar shugaban ƙasa da Ulysses Grant. Ya sha mummunan kaye, ya mutu a ƙarshen Nuwamban shekarar. Greeley na da 'yancin da Imam bai samu ba, domin jaridar tasa ce, amma son mulki ya cinye shi. Imam kuwa bai daɗe a siyasar jam'iyya ba. A tsakiyar shekarun 1950 ya bar ta, ya yi aiki da hukumar NORLA mai buga littattafan yaƙi da jahilci, sannan ya koma Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa, wadda daga baya ya shugabanta. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa a 1968. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar 19 ga Yuni, 1981.

Me ya shafi Agye da Gazawa da Gidan Rumji?

A Nijar sai bayan samun 'yancin kai a 1960 Hausar boko ta samu gindin zama, ta hanyar azuzuwan yaƙi da jahilci. A shekarun 1960 aka soma buga 'yan jaridun karkara irin su Sabon Ra'ayi a Madawa da Ganga a Yamai, a 1973 kuma aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Amma waɗannan jaridu na ma'aikatar gwamnati ne, da kuɗin tallafi suke tafiya, da tallafin ya yanke sai su yi shiru. Da guguwar dimokuraɗiyya ta taso, Ibrahim Cheick Diop ya kafa Haske a 1990, Maman Abu ya kafa Le Républicain a 1991. Maman Abu ya mallaki injinsa, ya kuma biya kuɗin 'yancinsa da zaman gidan kaso a 2003 da 2006 saboda abin da jaridarsa ta buga game da gwamnati. Sai dai waɗannan jaridu da Faransanci suke fitowa, a Yamai kuma ake karanta yawancinsu.

Idan mai karatu bai manta ba, a 2005 mun ga abin da wannan giɓi ke haifarwa. Bayan fari da farin ɗango na 2004, jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu fama da tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar Maraɗi, har da Agye da Tsibiri. Shugaba Tanja Mamadu ya musanta cewa akwai yunwa a ƙasar, duniya kuma ba ta farga ba sai da talabijin na ƙasashen waje ya nuna hotunan a watan Yuli. Iyayen yaran sun san halin da ake ciki tun watanni kafin nan, tun ranar da rumbu ya ƙare, tiyar hatsi ta fi ƙarfin aljihu. Abin da ba su da shi shi ne wurin da za su rubuta a buga.

Haka kuma labarai masu daɗi. Manoman ƙauyuka irin su Ɗan Saga a gundumar Agye sun farfaɗo da itatuwa a gonakinsu ta hanyar kula da tohon kututture, har masana daga ƙasashe suna zuwa koyo, amma yawancin abin da aka rubuta a kansu da Faransanci ne ko Ingilishi. Tun daga 2019 kuma dubban mutanen da 'yan bindiga suka koro daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka samu mafaka a gundumar Gidan Rumji, aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Talakawan da suka raba ɗan abin da ke rumbunsu da waɗannan baƙi sun cancanci a adana labarinsu da harshensu.

Za a ce ai akwai rediyo, akwai kuma saƙonnin murya na WhatsApp. Gaskiya ne, kuma a ƙasar da manya masu iya karatu ba su kai rabi ba, babu mai raina aikin gidajen rediyon gari. To amma magana iska ce. Ba a ɗaukar ta a kai gaban magajin gari bayan shekara uku a ce masa ga alkawarin da ka yi. Shi ya sa har yanzu masu bincike ke buɗe tsofaffin kwafin Gaskiya don su ji abin da malamin ƙauye ya faɗa a 1945, ko da yake ita kanta jaridar ta ɓace daga hannun masu sayarwa bayan durƙushewar kamfanin New Nigerian da ya gaje ta.

Darasi biyu muke gani a rayuwar Imam. Na farko, jaridar Hausa tana rayuwa ne idan ta yi magana da Hausar mutane, ta kuma ba su fili su mayar da martani. Na biyu, wanda ya mallaki inji shi ke yanke inda alƙalami zai tsaya. Idan ɗaukaka Hausa zuwa harshen ƙasa zai tsaya ne a fassara sanarwar hukuma, to ba a kai inda Imam ya kai a 1939 ba, balle a wuce shi. A watan Yunin 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri kan wasu laifuffukan rubutu a intanet, bayan Nijar ta yi suna a 2010 da soke ɗaurin 'yan jarida kan aikinsu. Wannan ma abin dubawa ne, domin ba wanda zai aika wasiƙa idan yana tsoron inda za ta kwana da shi.

Muna kira ga attajiran Maraɗi, waɗanda Allah Ya hore wa abin da za su sayi jerin manyan motoci, da su tuna cewa injin buga jarida bai kai kuɗin tirela biyu ba. Muna kira ga malaman makaranta da ƙungiyoyin manoma na Agye da Gazawa da Gidan Rumji da su soma ko da takarda ce mai shafi huɗu ranar kasuwa, a bar shafi guda domin wasiƙu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, Ya ba mu masu alƙalami irinsa, Ya kuma ba su injin kansu.