Maganin da ya tayar da mai jinya daga gado, da abin da likitoci suka gano daga baya

'Yan'uwa, da yawanmu muna da tsoho ko tsohuwa a gida da ke fama da ciwon gaɓoɓi. In ciwon ya motsa, sai a aiki yaro wurin mai tallar magani ya sayo ƙwayar da ke kwantar da shi nan take. Wasu daga cikin irin waɗannan ƙwayoyi, kamar deksametazon da firednisolon, dangin wani magani ne mai suna kotizon. Ya kamata mu san tarihinsa.

A shekarar 1929, wani likitan ciwon gaɓoɓi mai suna Philip Hench, a asibitin Mayo da ke jihar Minesota ta Amurka, ya lura da wani abin mamaki: mai amosanin gaɓoɓi da ya kamu da shawara sai ciwonsa ya lafa. Daga baya ya ga haka ga mata masu juna biyu. Sai ya yi hasashen cewa jiki da kansa yana samar da wani sinadari mai kashe kumburi. Shi da abokin aikinsa Edward Kendall suka karkata ga wata 'yar halitta da ke saman ƙoda.

Sai da aka kai Satumban 1948 kafin a yi wa wata mata mai shekara 29 allurar sinadarin. Matar da ba ta iya sauka daga gado, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba Hench da Kendall da Tadeus Reichstein kyautar Nobel.

Amma likitocin ba su tsaya nan ba. Sun ci gaba da bibiyar majinyata suna rubuta abin da suka gani. Nan aka gano cewa da an daina maganin ciwon yakan dawo, kuma daɗewa a kansa yana kumbura fuska, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya sa ƙashi ya yi rauni har ya karye cikin sauƙi. Wani lokaci ma kan ƙashin ƙugu yakan mutu. Ƙibar da wasu ke murna da ita bayan shan irin wannan ƙwaya, alamar illa ce.

Shi ya sa a yau likitoci ke ba da shi kaɗan, na ɗan lokaci, tare da wasu magunguna kamar metotireket masu hana gaɓa lalacewa.

Saboda haka, mai kumburin gaɓoɓi da sandarewar yatsu da safe, a kai shi asibiti tun da wuri. Wanda kuma ya daɗe yana shan waɗannan ƙwayoyi, kada ya daina farat ɗaya, domin jikinsa ya rage samar da nasa sinadarin, kuma hakan na iya halaka shi. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.