Edith Flanigen, matar da ta ƙera rariyar da ido ba ya gani

Kowa ya san aikin rariya a cikin gida: gari ya wuce, tsaki ya tsaya. To, a fannin kimiyya ma akwai rariya, amma ita ƙofofinta ƙanana ne ƙwarai, har iska take tacewa. Sunanta zeyolit, wani irin dutse mai ramuka da wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Axel Cronstedt, ya raɗa ma suna a shekara ta 1756.

Cikin waɗanda suka gwanance wajen ƙera wannan dutse a ɗakin bincike akwai Edith Flanigen, wadda aka haifa a birnin Bafalo na Amurka a 1929. Ta kama aiki a kamfanin Union Carbide a 1952, sannan a 1956 ta shiga rukunin masu binciken zeyolit. Kafin ta yi ritaya a 1994, ita da abokan aikinta sun haɗa sababbin sinadarai sama da 200.

Mene ne amfaninsu? Na farko, tace mai. Zeyolit da ake kira Y, wanda ta taimaka wajen inganta shi, yana farfasa ɗanyen mai mai kauri a cikin ramukansa, sai a samu esansi mai yawa daga ganga guda. Matatun mai da yawa a duniya da shi suke aiki. Na biyu, lafiya. Na'urar da ke ba maras lafiya iskar oksijan a asibiti tana ɗauke da zeyolit: shi ke riƙe iskar azot, wadda ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ya bar oksijan ta wuce.

A 1992 ta zama mace ta farko da aka ba lambar yabo ta Perkin, kuma a 2014 shugaba Barack Obama ya karrama ta.

Mu a Nijar muna da matatar mai a Damagaram tun 2011, kuma aiki irin wannan sai da ƙwararru. Edith da ƴan'uwanta mata biyu duk kimiyyar sinadarai suka karanta, don an bar su sun yi karatu. Iyaye, mu duba ƴaƴanmu mata masu ƙoƙari a lissafi da kimiyya, kada mu cire su daga makaranta tun ba su kai ko'ina ba.